Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Makarantar 'Yan Mata ta Kwana,
Rafin Gawo, Doguwa.
10 ga Nuwamba.

Zuwa ga Anti Luba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Abban su Ridwan da yara. Da fatan aikin asibiti yana tafiya da sauƙi. Matar da ke kawo wa kicin ɗinmu tumatir daga Tudun Wada ce za ta ba ki wannan takarda, tunda ba a barinmu da waya.

Anti, so nake ki zo ki ɗauke ni. Ba karatun ne ya gagare ni ba, a gwajin lissafi na makon jiya ni ce ta uku a aji ɗaya. Makarantar ce ba na so. In an yi hutu ba zan dawo ba, gara in zauna wurinki in koyi ɗinki.

Kunnena na hagu yana ciwo yau kwana tara, yana fitar da ruwa. Na ce wa metiron faɗuwa na yi a bakin famfo. Ba faɗuwa na yi ba.

Tun da aka kawo ni, ni ke ɗebo wa Yaya Ramla da ƙawayenta huɗu ruwa, bokiti biyar da safe, biyar da yamma. Ranar Asabar in wanke musu kaya. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yajin da Inna ta haɗo min suna cikin akwatin Yaya Ramla, ban ɗanɗana ba. Wannan duk da sauƙi, kusan kowace 'yar aji ɗaya tana yi wa wata siniya.

Abin da ya fi damuna shi ne sunana. Yaya Ramla ita ce shugabar ɗakinmu. Ta tara 'yan ɗaki ta ce musu ko uwar da ta haife ni ba ta faɗin sunana, su kuma su wane ne da za su faɗa. Ta kafa doka, duk wadda ta ce min Bushira za ta yi tsallen kwaɗo daga ƙofar ɗaki har famfo. Yanzu Marar Suna ake ce min, har 'yan wasu ɗakunan. Ƙawata Rumaisa ta manta sau ɗaya ta kira ni, ta yi tsallen har ta kasa miƙewa, tun ranar ba ta ƙara jerawa da ni ba. Ranar da na ce wa Yaya Ramla ni ma ina da suna, ranar kunnen ya fara ciwo.

Don Allah kar ki gaya wa Inna. Ko kin gaya mata kai za ta kawar, ta ce yara ne.

Ki huta lafiya. Ni ce 'yarki,
Bushira Habu.

Tudun Wada,
14 ga Nuwamba.

Yaya Furera,

Assalamu alaikum. Sannunku da aikin kaka, ki gaida min Iya Dije da mutanen gida. Da waya zan kira ki, sai na tuna wayarki ba ta magana sai a tsakar gida, surukarki na gefe tana tsintar wake da kunnuwanta biyu a buɗe. Shi ya sa na ba Ɗanliti direba takarda. Ki shiga ɗaki, ki zauna, sannan ki karanta.

Bushira ta rubuto min. E, na rubuta sunan, in ya tsone miki ido ki runtse ki wuce wurin. Ta ce kar in gaya miki. Ga shi na gaya miki, takardar tata ma na haɗo miki da ita.

Jiya na nemi uzuri a asibiti na hau mota har Rafin Gawo. A bakin ƙofa na tare wata 'yar aji ɗaya na ce ta kira min Bushira Habu. Ta tsaya tana kallona, sai ta kusa da ita ta raɗa mata, "Marar Suna take nufi." A gabana aka yi wannan, Yaya, kuma ba da mugunta suka faɗa ba, sun riga sun saba ne.

Da ta fito na duba kunnen. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, na san kunnen faɗuwa na san na mari. Dodon kunnen ya taɓu. In an kula da shi zai warke, in aka ƙara marinta a wurin ban ɗaukar miki alkawari ba. Ta rame har sai da ta naɗe bakin siket ɗinta sau biyu.

Na sa aka kira min Ramla, 'yar marigayi wan mijinki, wadda kika goya kika raina, wadda ba kya iya cin tuwo sai kin tambayi ko ta ci. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ladabi har ƙasa. Na ce me ya haɗa ki da ƙanwarki? Ta ce, "Anti, ai Inna ce ta ba ni ita." Ina wurin ranar da muka kai yarinyar nan makaranta. Kika miƙa wa Ramla jakar kayan abinci kika ce, "Ga na waccan, ki riƙe. In ta yi ba daidai ba ki gyara mata zama." Kika dafa kan Ramla kika sa mata albarka, Bushira kuwa ko inda take tsaye ba ki kalla ba har muka shiga mota. Na san a motar kin yi ta share hawaye da bakin hijabi har na sauka a Tudun Wada. Amma ita ba ta cikin motar, Yaya, ba ta gani ba.

Na ga Malama Kulsum, mai kula da ɗakunan kwana. Mace ce mai jin magana. Ta ce ba za ta iya kai maganar gaban kwamiti ba sai da ƙara a rubuce daga uwa ko uba. Na ce ni ƙanwar uwarta ce, ta ce sa hannun da ke kan takardar shiga naki ne, tunda lokacin Malam Habu yana garin Lafiya wurin sarin doya, kamar yadda yake can yanzu.

Saboda haka magana ta dawo kanki. Na san kunyar ɗan fari ado ce, na san duk Badafi ana yabon karar da kike yi. To adon nan naki wata ce ke biyan sa da kunnenta. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Ki rubuta wa Malamar, in ba haka ba yarinyar nan ta bar karatu ke nan, ni kuma ba na neman 'yar koyon ɗinki.

Allah ya bar zumunci. Ƙanwarki,
Luba.

Badafi,
18 ga Nuwamba.

Luba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Iya tana amsawa. Takardarki ta same mu muna casar wake, na zagaya bayan rumbu na karanta. Ta yarinyar na karanta sau uku, na ɗaga kwallayena na sa ta a ƙasa.

Bakinki bai canja ba tun kina yarinya. Ke auta ce, a cinyar Innarmu kika girma, ko zaure kika leƙa da sunanki take kiranki. Ni 'yar fari ce. Har Allah ya karɓi ranta ban taɓa jin Furera a bakinta ba, "ke" ce ni, ko "ta gidan Kawu". Ban mutu ba. Ban kuma taɓa shakkar tana sona ba, domin na san wa take ɓoye wa ƙoƙon fura a bayan randa. Haka na tashi, haka na ɗauka ita ma waccan za ta gane.

Kina maganar Ramla kamar ba ki san yadda ta zo hannuna ba. Shekararta biyu uwarta ta rasu, uban ya bi ta bayan wata bakwai. Ina amarya aka ɗora min ita a baya. Kafin in san ciwon haihuwa na san zazzaɓin Ramla da ƙyandarta. Ranar da na haifi tawa na yi wa kaina alkawari ba wanda zai taɓa cewa na bambanta su, kuma hanyar da na sani ita ce in ja wannan a jiki, in kawar da kai daga waccan.

Yanzu saura mata 'yan watanni ta zana jarrabawar fita. In na kai ƙararta aka kore ta, da wane ido zan kalli Iya, alhali ita kaɗai ce abin da ɗanta ya bar mata? Cewa za a yi dama jira nake tawa ta tasa in nuna wa marainiya iyakarta. Ke kina Tudun Wada, ni ce zan ɗebi ruwa a rijiya ɗaya da masu faɗin haka.

Amma kada ki ɗauka dutse ne a ƙirjina. Kunnen nan ya hana ni sukuni. Jiya sau biyu na zuba gishiri a miya, Iya ta tambaye ni ko lafiya.

Na rubuta wa Malamar, Ɗanliti zai wuce mata da takardar. Ban kama sunan kowa ba. Kin ce mai jin magana ce, to za ta gane. A ja wa manyan kunne gaba ɗaya ba tare da an tozarta 'yar kowa ba, in Ramla ta zo hutu ni kuma zan shige da ita ɗaki mu yi ta mu biyu. Ga man shanu da dakakken yaji nan, ki kai wa yarinyar in kin samu hali. Kada ki ce daga wurina suke.

Ki gaida maigidan da yara. Yayarki,
Furera.

Badafi, Ƙaramar Hukumar Kiru.
18 ga Nuwamba.

Zuwa ga Malama Kulsum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, da addu'ar Allah ya saka muku da alheri a kan tarbiyyar 'ya'yan jama'a.

Malama, dalilin wannan takarda shi ne akwai wata yarinya daga gidanmu a aji ɗaya, siririya ce, ba ta da yawan magana. Labari ya iso mana cewa wasu daga cikin manya suna matsa mata, har ta samu ciwo a kunne. Ina roƙon a duba lamarin, a yi wa manyan nasiha gaba ɗayansu, a kuma sa ido a kanta. Ba na neman a hukunta kowa, duk 'ya'ya ne.

Allah ya ƙara girma. Na gode.
Furera, matar Malam Habu.

Makarantar 'Yan Mata ta Kwana,
Rafin Gawo.
22 ga Nuwamba.

Zuwa ga Malama Furera, mahaifiyar Bushira Habu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarki, na gode da addu'a, na kuma nuna wa Shugabar makaranta.

Muna da ɗalibai ɗari da arba'in da biyu a aji ɗaya. Goma sha ɗaya daga Kiru suke, kuma sirara marasa yawan magana sun fi rabinsu. Ba ba'a nake yi miki ba. Ni na san wadda kike nufi, na kuma san wadda ba ki so ki nufa. Amma kwamitin ladabtarwa ba ya zama a kan abin da na sani a raina.

Ga abin da na yi da ikona. Na mayar da Bushira ɗakin da ke jikin na metiron. Ana ɗiga mata magani a kunne sau uku a rana. Ɗiban ruwa da wanki sun tsaya. Na kuma tara 'yan aji shida na yi musu nasihar da kika nema, karo na huɗu ke nan a zangon nan. Sukan sunkuyar da kai su ce to Malama, su fita su ci gaba daga inda suka tsaya. Dokar da aka kafa a kan sunanta tana nan, domin ba a gabana ake bin ta ba.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa muke neman suna. Bara na ɗauki mataki a kan wata babbar ɗaliba da takarda irin taki. Mahaifinta ya zo ya ce a nuna masa wanda ya kawo ƙara. Babu. Ƙananan da abin ya faru a idonsu suka ce ba su ga komai ba, kuma ban ga laifinsu ba, mu in an tashi gidajenmu muke tafiya, su ɗaki ɗaya suke kwana da ita. Aka mayar da ita kan muƙaminta. Yarinyar da aka zalunta ba ta dawo zango na biyu ba, na ji tana gida har yau. Tun daga nan muka tsayar da ƙa'ida: sunan wadda aka cuta, sunan wadda ake zargi, sa hannun uwa ko uba, kuma su zo da kansu. Idan yara suka ga babba ya tsaya, su ma bakinsu yakan buɗe.

Na san kunyar ɗan fari. Ni 'yar Bebeji ce, kuma ni ce ta fari, har yau Malama mahaifiyata take ce min. Ban ce ki yar da al'adarki ba. Amma abin da kike yi a gida don kara, an ɗauko shi an kawo nan ana dukan 'yarki da shi, kuma shekararta goma sha biyu, ba ta da wanda zai fassara mata.

Ramla ɗaliba ce mai ƙoƙari. Da na zauna da ita ta gaya min tana aji ɗaya wata siniya ta sa ta kwana uku a ƙarƙashin gadonta, ba wanda ya zo ya tambaya, sai ta ɗauka haka makaranta take. Na tausaya mata, amma wannan bai warkar da kunnen kowa ba. Kora ba ita kaɗai ce hukunci ba. Sai dai ba zan yi miki alkawari a kan abin da ba ni kaɗai ke yanke shi ba.

Abu na ƙarshe. Bushira ta ɗaure akwatinta tun yanzu, ta ce in ba wata gadonta zango mai zuwa. Na ce ta dakata, na aika wa mahaifiyarta. Ta ce, "Malama, kar ki wahalar da kanki. Ko ta zo ba za ta faɗa ba."

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe goma na safe. In kin zo za a saurare ki. In ba ki zo ba zan ci gaba da abin da nake iyawa, na kuma gaya miki iyakarsa.

Wassalam. Taki a aikin tarbiyya,
Kulsum Mudassir.

Badafi,
30 ga Nuwamba.

Luba,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar riga-kafi? Mun tsaya a Tudun Wada shekaranjiya, aka ce kun shiga ƙauyuka ba za ku dawo ba sai yamma, shi ya sa muka wuce. Na san kina nan kina cika kina batsewa, to zauna ki ji.

Takardar Malamar nan kwana huɗu tana ƙunshe a bakin zanena. Da farko haushi na ji, wai ɗalibai ɗari da arba'in da biyu, kamar na ce ta ƙirga min su. Amma maganar da yarinyar ta yi, cewa ko na zo ba zan faɗa ba, ita ce ta ƙi barina. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa.

Na kira Malam a waya. Ya ce in yi abin da na ga ya dace. Kin san ma'anar wannan, in abin ya yi kyau namu ne, in ya ɓaci nawa ne.

Ranar Laraba bayan la'asar na samu Iya tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na gaya mata komai, ban rage ba, har da marin. Na gama ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Abdussalami." Na ɗaga kai, domin shekara goma sha biyar ina gidan nan ban taɓa jin sunan uban Ramla a bakinta ba, shi ne ɗanta na fari. Ta ce, "Yanzu kullum sai na faɗa in na idar da salla. Ba ya amsawa." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Je ki. Amma biyu gare ki a makarantar nan, kar ki dawo min kin zubar da ɗaya."

Da sassafe na bi Ɗanliti. Ƙarfe goma saura muka isa. Mutum biyar ne a bayan tebur, Ramla tana zaune a gefe guda, yarinyar a ɗaya gefen, da auduga a kunne. Shugabar ta miƙo min takarda da biro. Sunan Ramla ban sha wahalarsa ba, ni da nake kiransa sau ashirin a rana. Da na zo ɗaya gurbin sai biron ya tsaya. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, na dai ji wani malami ya yi gyaran murya. Na rubuta.

Sai Shugabar ta ce in karanta abin da na rubuta kowa ya ji. Na karanta har na zo kan sunan, nan harshena ya ƙi. Na buɗe baki ya fi sau biyu. Malama Kulsum ce ta karɓa ta ƙarasa min. Yarinyar ba ta ɗago ba, amma na ga ta ɗan gyaɗa kai, irin na wanda maganarsa ta tabbata. Wannan gyaɗa kan ya fi duk takardunku zafi.

Duk da haka ƙarar ta karɓu. Da aka shigo da ƙananan suka gan ni zaune, wata Rumaisa ta fara magana, biyu suka bi ta. Ramla ba ta musa ba. Aka sauke ta daga shugabancin ɗaki, aka dakatar da ita mako biyu, in ta dawo wani ɗakin za a kai ta. Jarrabawarta tana nan, za ta zana. Ƙawayenta huɗu an aika wa iyayensu. Shugabar ta ce za ta soke dokar sunan da bakinta a gaban duk makaranta, kuma daga yau duk siniyar da aka kama ƙarama na ɗauke da bokitinta, gaban kwamiti za ta zo. Malama Kulsum ta tambayi yarinyar ko za ta kwance akwatin. Ta ce za ta yi tunani.

Muka fito daidai an buga ƙararrawar abincin rana, ɗalibai sun cika fili kowa da kwanonta. Ramla ta tafi haɗo kayanta. Yarinyar kuwa ta tsaya daga nesa kamar yadda na saba mata, ta ce, "Inna, ki gaida gida," ta juya. Sai na ga jakar yaji da ƙuli-ƙuli da na ɗauko mata daga gida tana hannuna har yanzu. Kin san me nake yi? Waige nake ina neman Ramla in ba ta ta riƙe mata. Bayan duk abin da aka gama yi a ɗakin can, Luba, hannuna bai koyi komai ba.

Kafin in farga yarinyar ta yi nisa, ta kusa famfo. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Muryar da nake kora awaki da ita in sun faɗa gonar mutane, ita ce ta fito. Na ce, "Bushira!"

Filin nan ya yi tsit. Masu tafiya suka tsaya, masu kwano a ka suka juyo. Ji na yi kamar zanena ya kwance a tsakiyar kasuwar Kiru. Ita ma ta tsaya, amma ba ta juyo nan da nan ba, ina jin ba ta san muryar da sunan a haɗe ba. Na sake faɗa. Ta taho a hankali har gabana, duk makaranta na kallo, ni kuma ban tanadi abin da zan ce ba. Na ce, "Ga yajinki." Ta sa hannu biyu ta karɓa. Iyakar abin da aka yi ke nan, kar ki ƙara masa gishiri in kina ba da labari.

A mota ni da Ramla kujera ɗaya muka zauna. Sai da muka fita daga dajin Falgore sannan ta ce, "Inna, kin zaɓi taki." Na ce mata, "Ke na fara goyo. Na ba ki ita ban gaya miki mece ce ita a wurina ba, wannan laifina ne. Marin kuma naki ne, ba zan ɗauke miki shi ba." Ta juya ta kalli taga. Yau kwana biyu tana cin abincina ba ta yi min magana, a ɗakin Iya take kwana. Ina jin ciwon wannan ƙwarai. Matan rijiya sun fara abin da na ce miki za su yi, wata ma ta fasa amsa min gaisuwa. Na ɗebi ruwana na dawo.

Ban sani ba ko Bushira za ta koma zango na biyu. Ba ta ce ba, ni ma ban tambaye ta ba. In kin riga ni jin wani abu ki aiko.

Ki gaida gida. Yayarki,
Furera.

Rafin Gawo,
8 ga Disamba.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Iya. Ban taɓa rubuto miki takarda ba, ban san yadda ake farawa ba, sai na fara haka.

Kunnen ya daina ruwa, an cire audugar. Na kwance akwatina, na ce wa Malama Kulsum ta bar min gadona. Ni da Rumaisa mun koma tafiya aji tare. Yanzu kowa sunana yake kira, wasu ma in sun hango ni a famfo sai su kwaikwayi muryarki. Ba na jin haushi.

Yajin ya kusa ƙarewa, mu shida muke ci. Ki gaida Yaya Ramla in za ta amsa.

Ranar hutu in kin zo ɗaukata, ba sai kin ɗaga murya haka ba, Inna. Ko a hankali kika faɗa zan ji.

Ni ce 'yarki,
Bushira.